Gidajen da Na Zauna da Baba Saja

Na auri Baba Saja ina da shekara hamsin da ɗoriya, shi kuma ya ba sittin baya. Mijina na fari ya daɗe da rasuwa, 'yata tilo ta yi aure tana Shika, ni kuma ina dab da ajiye alli a makarantar firamaren da na ƙare ƙuruciyata a cikinta a Samaru. Shi ma matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, wani Legas wani Jos. A majami'a muka san juna, ko in ce a wajen majami'a, domin bai taɓa zama an gama sujada da shi ba. Fasto na kaiwa tsakiyar wa'azi sai ya miƙe a hankali, ya bi ta jikin bango ya fita, ya tsaya gindin dalbejiya yana sauraro ta taga da kunnensa na dama. Na hagun ya mutu tun a wajen yaƙi. Ni kuma a gindin bishiyar nan nake tara yaran makarantar Lahadi. Da haka gaisuwa ta zama hira, hira ta zama abin da matan zumunta suka fara yi mini murmushi a kai.

Tsohon soja ne. Ya yi yaƙin basasa a sashen sadarwa, ya fita da igiya uku, shi ya sa kowa ke ce masa Baba Saja, har ni. Shi kuwa bai taɓa kirana da komai ba sai Malama.

Ranar da ya zo jin amsata, ina buɗe baki ya ɗaga hannu.

"Malama, kada ki ce komai tukuna. Akwai abin da ya kamata ki fara gani."

Na ɗauka wata cuta ce, ko wani ɗa da aka ɓoye. Ya kai ni gidan da yake haya a bayan kasuwar Samaru, ya buɗe wani ɗan ɗaki. A kan tebur akwai akwatin ƙarfe mai launin toka, cike da maɓallai, da wata allura a bayan gilashi. A ƙasa batiran mota ne. Waya ta fita ta taga, ta hau bishiyar turare, ta tsallaka tsakar gida zuwa wata bishiyar. Ya kunna, ɗakin ya cika da ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Ya yi ta murɗa wani maɓalli, sannan ya ɗauki abin magana ya faɗi wasu haruffa da lamba, ya maimaita, ya maimaita. Daga baya ya ce mini wannan ne sunan da hukuma ta ba shi a iska. Can sai wata murya ta taso daga cikin ƙarar, ta wani tsohon Bature, tana zuwa tana komawa. Suka yi magana kaɗan da Turanci, suka yi sallama.

Na ce, "Wane ne?"

"Ban san shi ba."

"To me kuka ce wa juna?"

"Na ce ina jin sa, ya ce shi ma yana ji na. Ya ce ana sanyi a wajensu."

"Shi ke nan?"

Ya juyo mini da kunnen dama, yana kallona kamar yarinyar da ta kasa lissafin aji ɗaya. "Malama, mutumin nan a bayan teku yake. Babu komai tsakaninmu sai wayar nan da ke kan bishiya."

Na yi dariya, na ce in dai wannan ne aibinsa na yarda. A raina na ce namijin da ba ya shan giya, ba ya caca, yana zaune a ɗaki yana gaida Turawa, ai kowace mace za ta iya da shi. Ban san abin da na amsa ba.

Shekarar ce wayar salula ta fara shiga hannun mutane. Ɗalibai a Samaru suna tafe suna ihu a cikinta, rabi Hausa rabi Turanci. 'Yata ta sayo masa guda. Ya jujjuya ta, ya yi godiya, ya kashe ya sa a aljihu. Ya ce wannan ai wanda ka riga ka sani kawai kake kira da ita.

Watannin farko lafiya. Sai wata rana ɗaliban da ke haya a gidan da ke jikin namu suka zo suna dariya, suka ce suna kallon ƙwallo sai muryar Baba ta fito a talabijin ɗinsu. Ya je ya naɗa musu wani abu a jikin wayar, ya lafa. Amma da azumi ya zo, abin ya wuce dariya. Akwai masallaci a bakin layinmu, kuma da la'asar sakaliya liman yana tafsiri ta lasifika. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa sai na ji karatun ya yanke, muryar mijina ta fito daga saman masallaci, ƙarara, tana kiran duniya da Turanci.

Wanda bai zauna a jihar nan a shekarun nan ba ba zai gane abin da na ji ba. Ƙaramar magana takan zama babba kafin faɗuwar rana. Na zubar da shinkafar, na ruga ɗakin na fizge wayar batir da hannuna. Kafin in gama yi masa bayani samari sun taru a ƙofar gida. Ba su yi komai ba, tsayawa kawai suka yi, amma ina jin numfashinsu ta cikin ƙyaure.

Liman da kansa ya zo, dattijo ne dogo mai magana a hankali. Ya sallami samarin, ya nemi izini ya shiga ɗakin, ya daɗe yana duba akwatin. Baba Saja ya cire hula yana ba da haƙuri. Liman ya ce, "Baba, da wa kake magana da har ka fi ni murya a masallacina?" Sai ya yi dariya. Suka shirya a kan cewa ba za a kunna ba lokacin salla da lokacin tafsiri, kuma washegari mijina ya je ya gyara wayar lasifikar. Da salla liman ya aiko mana da tuwo da miyar taushe. Babu wanda ya ce mu tashi.

Bayan salla da 'yan kwanaki na dawo daga makaranta na tarar da akori-kura a ƙofar gida, ana loda kujeruna.

"Ina za mu?"

"Dogarawa. Na samu gida, fili ne ta ko'ina, babu masallaci kusa, babu talabijin ɗin kowa."

"Ai an gama maganar nan, Baba Saja."

"An gama," in ji shi, yana naɗe waya a gwiwar hannunsa.

Ni mace ce da ta zauna wuri ɗaya duk rayuwarta. Na san inda kowane cokali nawa yake. A Dogarawa gidan ba a gama shi ba, babu silin, ruwa sai an saya daga masu kura, kuma kullum sai na hau mota biyu kafin in isa makaranta. Na daure. Na share, na kafa labule, na dasa zogale a bayan ɗaki. Shi kuwa bai taɓa fitar da kayansa daga kwali ba. Rigunansa, takalmansa, har Littafi Mai Tsarki, in ya gama da abu sai ya mayar kwali. Da safe zai fita ya zagaya gidan, ya kalli sama, ya dawo, ya zauna, ya miƙe. Ashe manyan wayoyin lantarki da suka ratsa bayan unguwar suna cika masa rediyo da gurnani. Zogalena bai kai ƙugu ba akori-kura ta dawo.

Muka koma Jushi. A can akwai rijiya a tsakar gida da maƙwabta masu kirki, akwai kuma wata doguwar giginya da ya ƙyalla ido a kanta tun kafin ya duba ɗakunan. Nan ne ya fi jin daɗin iska. Da yamma in na kai masa shayi sai ya ce, "Yau na je ƙasa kaza," kamar wanda ya sauko daga jirgi. Na fara sabawa. Na shiga adashen matan layi, na san mai nono, na san mai kifi.

Sai magana ta fara yawo cewa akwai wani tsohon soja da ke aika labarin gari zuwa ƙasashen waje. Wata safiya 'yan sanda suka zo. Ba su ɗaga murya ba. Ya nuna musu lasisinsa, babbansu ya duba, ya ce a kunna ya ji. Aka yi sa'a wani ya amsa daga wata ƙasa, ɗan sandan ya riƙe baki, har ya tambaya ko shi ma zai iya koya in ya yi ritaya. Suka sha ruwa suka tafi. Maƙwabta suka shigo suna jajantawa, wasu suna jin kunya.

Kwana kaɗan bayan haka na shigo na gan shi a tsakar ɗaki da rana tsaka, yana ɗaure kwali da igiya.

Ban san lokacin da na zauna a kan kwalin ba. Na ce, "Ba za ka ɗaure ba sai ka gaya mini. Wa ya kore mu a Samaru? Wa ya kore mu a nan? Ni ba akuya ba ce da za a riƙa ja na daga turke zuwa turke."

Ya daɗe tsaye da igiyar a hannu. Sannan ya zauna a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Bai taɓa yi mini zancen yaƙi ba sai ranar.

"A daji ni ke goye da rediyon," in ji shi. "Eriyarsa doguwa ce, tana lilo a saman ciyawa. Duk mai neman wanda zai harba, ni yake fara gani. Kuma in ka yi magana, su ma can suna da kunne, suna iya gano inda maganar ta fito. Saboda haka doka ce, in ka gama magana, ka naɗe wayarka ka tashi. Akwai abokina da muka yi horo tare. Wata rana ya gama magana ya ce bari ya ɗan dafa shayi kafin ya tashi."

Na gane abokin bai bar wurin da rai ba. Yana ta murza igiyar.

"Ban ce akwai mai nemana a Jushi ba, Malama. Na san babu. Kaina ya sani. Ƙafafuna ne ba su sani ba. Da zarar an san inda nake, sai barci ya ƙi, abinci ya ƙi."

Na tashi daga kan kwalin na taya shi ɗaurewa. Amma na ce wannan karon ni zan zaɓi gida, kuma daga shi babu wani.

Na zaɓi bene a tsakiyar Sabon Gari, kusa da kasuwa, a saman shagunan masu sayar da kayan gyaran mota. Na zaɓe shi ne don famfo, da kusancin asibiti da majami'a, da kuma don a wurin babu wanda ya damu da wani. Ranar da muka shiga na tsaya a tsakar falo na ce, "Baba Saja, a nan za a ɗauki gawata." Na kwashe kwalayensa na ba masu shago.

Abin da ban lissafa ba shi ne janareta. Kowane shago da nasa, daga safe har magariba. Da ya kunna rediyon babu abin da ke fitowa sai ƙara kamar ana niƙa. Ya gwada safe, ya gwada yamma, ya sauya wayar, ya sake sauyawa. Daga nan sai ya koma zirga-zirga a baranda, daga wannan kusurwa zuwa waccan, hannu a baya. Mai gidan, wata 'yar kasuwa mai faɗan gaskiya da ke zaune a ƙasa, ta hau ta tambaye ni ko lafiya, ta ce tafiyarsa na hana ta barcin rana.

Bai ce mu tashi ba. Ya cika alkawari. Abin da ya yi shi ne ya hau mota ya tafi Samaru, ya dawo da yamma yana murmushi. Liman ɗin nan ne ya ba shi wani ɗaki a jikin zaurensa, ya ce ya kawo akwatinsa, tunda dai ya riga ya san lokutan salla. Daga ranar, da ya karya kumallo sai ya saka hula ya sauka, ba zan sake ganinsa ba sai rana ta yi ja.

A lokacin na yi ritaya. Na samu abin da nake so: gida ɗaya, famfo, labulena a rataye, babu akori-kura. Sai ga shi zama ya gagare ni. In share falo, in sake sharewa. In sauka kasuwa in zagaya layin atamfa da layin 'yan tumatir in dawo hannu wofi. In tsaya a barandar da yake zirga-zirga ina leƙen motocin Samaru, ina cewa wannan ce, a'a, ta bayanta ce. In kira wayarsa, a kashe, kamar kullum. 'Yata ta zo ta same ni ina canza wa kujeru wuri, ta ce, "Mama, ke ma kin kamu." Na ce ta rufe mini baki.

Wani lokaci nakan bi shi. In zauna wajen matar liman muna gyaran wake, muna jiyo su ta zaure, shi da liman, suna gardama a kan yadda murya ke tsallake teku. Liman yana cewa ikon Allah ne, mijina yana cewa ai shi ma bai ce ba ikon Allah ba ne.

Da damina ta yi nisa aka yi wata iska da ta karya reshen da wayar rediyonsa ke kai. Liman ya ce ya jira samari su dawo daga gona. Bai jira ba. Ya jingina tsani ya hau, yana da shekara saba'in ko kusa. Ina wanke-wanke wayata ta yi ƙara, na ga lambar mijina, karon farko tun da aka saya masa ita. Na ɗauka da dariya a bakina. Muryar liman ce.

"Malama, ki yi haƙuri, ki same mu a asibitin Shika. Da ransa, yana magana. Ƙugunsa ne."

Mun daɗe a asibiti. Aka yi aiki, ƙashin bai haɗu yadda ake so ba. Ranar da aka sallame mu, masu shagunan ƙasa ne suka ɗauke shi a kan kujera suka hau da shi bene, yana ta ba su umarni kamar a fareti. Suka kwantar da shi. Daga ranar bai sake taka matakalar nan ba.

Ban taɓa ganin wahala irin ta mutumin da ba ya iya zama an ce ya kwanta ba. Yatsunsa ba sa tsayawa, suna ta murɗa bakin zanen gado. Da safe ya ce a matsar da gadon kusa da taga. Da rana ya ce taga ta yi zafi, a kai shi bakin ƙofa. Washegari ya ce falo. Ni da 'yata muka yi ta jan gado har ƙafafunsa suka zana layi a siminti. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, wata rana ya yi jifa da kofi ya fashe a bango, sannan ya juya fuska yana kuka ba sauti.

Washegari na hau motar Samaru. Liman ya buɗe mini ɗakin, ya taya ni cire wayoyin, yana gaya mini wacce ke shiga ina, domin ya gani har ya haddace. Ya sa aka kawo mini kayan har gida. Mai gidanmu ta tsaya a ƙasan matakala, hannu a ƙugu, ta tambaya da Turancin kasuwa ko abin nan ba zai jawo mata tsawa a kan rufi ba. Na ce in ya jawo ni zai fara samu. Ta yi tsaki, sannan ta aiko da gora biyu dogaye daga shagonta. Masu shago suka hau rufi suka kafa, Baba Saja yana kwance yana yi musu ihu ta taga: a ja, a sassauta, a ƙara ja.

Muka kunna. Niƙa kawai. Ya kashe ya rufe ido.

Ranar Lahadi ina ɗaura ɗankwali zan tafi sujada ya ce, "Malama, tsaya. Kin ji?"

"Ban ji komai ba."

"To shi ne. Kunna mini."

Shagunan a rufe suke, masu su duk sun tafi coci, babu janareta ko ɗaya a layin. Na kunna. Ƙarar ta yi laushi, muryoyi suna shawagi a cikinta. Ya kira, ya sake kira. Sai wani ya amsa, da wani irin Turanci mai ɗaurin Faransanci. Suka yi musayar haruffansu, sai mutumin ya ce da Hausa, "Zariya ka ce? To ai sai mu bar wahalar da kanmu. Ina kwana?"

Wani Alhaji ne a Damagaram, tsohon ma'aikacin gidan waya. Daga ranar na koma zuwa sujadar yamma. Kowace Lahadi da safe sai in jingina shi da matasai, in matso da tebur, in zauna. Da Turawa gaisuwa ce kawai, amma da Alhaji hira ce. Ruwan bana, ciwon gwiwa, jikoki, yadda ake yin kilishi a can da yadda muke ɓata shi a nan. Wani lokaci muryar ta nutse a tsakiyar magana, su jira ta dawo su ci gaba daga inda suka tsaya. Alhaji yakan ce, "A gaida Malama," ni kuma in amsa daga gefe duk da an ce ba a yarda marar lasisi ya sa baki ba. In an tashi daga majami'a fasto yakan kawo masa jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da aka raba a sujada, kuma sau da yawa sai ya tsaya a bakin ƙofa da kwano a hannu yana jira a yi sallama da Damagaram.

Sauran kwanakin mako kuwa jan gado ne. Bai daina ba. Ni ma ban daina mita ba.

Ya kai shekara da wani abu a haka. Da bazara, wata ranar Laraba da azahar, ya ce in juya gadon ya fuskanci gabas domin hasken yana damunsa. Na juya, na shiga kicin in ɗebo masa kunu. Da na dawo ya tafi. Janaretocin ƙasa suna ta aiki, sai da na sauka da kaina na gaya musu, suka kashe ɗaya bayan ɗaya.

A ƙauyensu aka binne shi, can kudancin jihar. Liman ya bi mu har can, ya zauna a ƙarƙashin rumfa tare da tsofaffin sojoji har aka gama. 'Ya'yansa suka ce in yi yadda na ga dama da rediyon, su ba su san kansa ba. Na dawo na rufe shi da zane. Ban iya kunnawa in yi magana ba, kuma ko na iya, ban san me zan ce ba.

Bayan wasu makonni, da hantsi, aka yi sallama a matakala. Wani dattijo ne baƙi siriri, da rawani da 'yar jaka, idanunsa sun yi ja. Tun kafin ya gama sallamar na gane muryar.

"Malama, ni ne na Damagaram. Yanzu yaran ƙasa suke gaya mini."

Ya ce da ya ji shiru Lahadi bayan Lahadi sai ya ɗauka jikin ne ya tsananta, ya ce bari ya zo ya duba shi. Bai san lambar gida ba. Abin da ya sani kawai bene ne kusa da kasuwar Sabon Gari, saboda haka ya yi ta tafiya kansa a sama yana duba rufin gidaje har ya ga gora biyu da waya. A jakarsa akwai dabino da kilishi da ya kawo wa majinyaci.

Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce ko akwai hoto. Na ciro na ranar aurenmu daga bango. Ya riƙe shi nesa da ido, ya matso da shi.

"Wannan ne? Ɗan ƙaramin mutum haka? Wallahi na ɗauka wani ƙato ne."

Muka yi dariya, daga nan dariyar ta juye mana mu duka biyu. Da azahar ta yi na ba shi buta, ya yi salla a falona, ya ci tuwo kaɗan. Na yaye zanen na ce ya tafi da akwatin. Ya ƙi, na nace. Ya ce nasa ma ya tsufa, yana yawan yanke masa magana, na ce to ka gani.

Na samo kwali a ƙasa muka ɗaure. Na raka shi tashar motocin Kano, wani mai baro yana tura kayan a gabanmu. Direba ya ce a sa a but tare da buhunan masara, Alhaji ya ce sam, a cinyarsa zai riƙe. Suka yi ta ja-in-ja har fasinjoji suka sa baki, a ƙarshe aka ba shi gaba. Ya zauna da kwalin har haɓarsa, ko hannu bai iya ɗaga mini ba, sai kai ya gyaɗa. Na tsaya har motar ta cika ta tashi. Mai baro ya tambaya ko zai samo mini acaɓa, na ce a'a, da ƙafa zan koma, akwai barkonon da zan saya a hanya.